Katsina na buƙatar wurin ninƙaya na jama'a, ko kuwa almubazzaranci ne?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar na dawo daga ta'aziyya a wata unguwa ta bayan gari, har yanzu abin bai bar raina ba. Yaro ne ɗan shekara tara, ɗan wani tsohon ɗalibina. Ya bi tsaransa kududdufin da masu ginin ƙasa suka haƙa, ruwan damina ya cika shi taf. Ƙafarsa ta zame a inda ramin ya yi zurfi. Waɗanda ke tare da shi ba wanda ya iya ruwa, sai suka ruga gida kiran manya. Kafin a iso, rai ya yi halinsa.

Duk damina sai mun je irin wannan zaman makoki, mu ce ƙaddara, mu tashi. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Abin da nake kawowa gabanku shi ne: me zai hana a samu wurin ninƙaya na jama'a a Katsina, mai tsabta, mai malami, inda ɗan talaka zai koyi iyo da kuɗin da bai fi na kati ba? Ba na otal nake nufi ba, inda kuɗin shiga sau ɗaya ya kai cefanen kwana biyu.

Baban Khalifa: Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri. Amma Malam, a gafarce ni, wannan shawara ba ta shige ni ba. Mu da muke bin 'yan ga-ruwa da rana tsaka muna roƙon su kawo mana kura ɗaya? Famfon gidanmu rabon da ya ɗiga na manta. Ruwan dam ɗin Ajiwa bai ishi gari sha ba, shi ne za a tara wani a kwami yara su riƙa facal-facal? Wannan ai harkar Turawa ce da 'ya'yan masu kuɗi. A cike kududdufan kawai a huta.

Tsohon Hedimasta: Baban Khalifa, na ji daɗi da ka ce harkar masu kuɗi, don nan ne kuskuren yake. A Ingila, inda wuraren ninƙaya na hukuma suka fara yaɗuwa, talauci da ƙazanta ne suka haife su. A 1832 kwalara ta afka wa birnin Libaful. Ma'aikatan masana'antu na cunkushe a ɗakuna ba ruwa ba makewayi. Wata mata mai suna Kitty Wilkinson, ita kaɗai ke da tukunyar dafa ruwa a layinsu, ta buɗe wa maƙwabta su zo su wanke shimfiɗun marasa lafiya. Daga wannan himma tata hukumar birnin ta buɗe gidan wanka da wanki na jama'a a 1842. A 1846 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar gina irin waɗannan gidaje da kuɗin haraji, har ta ƙayyade wa talaka farashi: kwabo ɗaya wankan ruwan sanyi, kwabo biyu na ruwan ɗumi. Sai a 1878 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da rufaffun kwamayen ninƙaya. Ka ga ke nan, wanka aka fara nema, iyo ya biyo baya, gasa kuma ita ce auta.

Kuma ba Bature ya fara ba. A Mohenjo-daro, cikin Fakistan ta yau, an tono wani kwami da aka gina da bulo sama da shekara 4,000 da suka wuce. Tsawonsa kamar mita 12, faɗinsa 7, zurfinsa ya haura mita 2, da matakala ta kowane gefe biyu, aka shafe shi da kwalta don kada ya yi yoyo. Masana na ganin na wankan ibadarsu ne. Ƙasa ce mai zafi da ƙura irin tamu.

Injiniyan Ruwa: Ranka ya daɗe, bari in sa lissafi a maganar, don tsoron Baban Khalifa na da tushe. Kwamin da ake gasar Olamfik a ciki tsawonsa mita 50, faɗinsa 25, zurfinsa aƙalla mita 2. Yana cin lita miliyan biyu da rabi, wato jarka dubu ɗari mai lita 25. In wannan ake so, ni ma ina bayan Baban Khalifa, a bari.

Amma koyar da yaro ba ya buƙatar haka. Mita 25 a tsawo, 10 a faɗi, zurfin mita ɗaya: lita 250,000 ke nan, bai cika tankar mai takwas ba. Kuma abin da mutane ba su sani ba, ba a zubar da ruwan kullum. Sau ɗaya ake cikawa, inji ya riƙa jan shi yana bi ta tukunyar yashi yana tacewa, ana sa kulorin da awo. Abin da za a riƙa ƙarawa shi ne wanda rana da iska suka sha, da wanda aka wanke matatar da shi. Ko da a ce a watan Afrilu ruwan na sauka da santimita ɗaya a yini, lita 2,500 ce, jarka ɗari. Burtsatse ɗaya mai sola ta ishe shi, in an yi rumfa ma abin ya ragu.

Abin da ke ba ni tsoro ba ruwa ba ne, kulawa ce. Injin nan in ya tsaya 'yan kwanaki a zafin garin nan, ruwan ya fara kore. Wata guda, ya zama gidan sauro. Mun iya yanka zare ranar buɗewa, ba mu iya biyan albashin mai sa kulorin ba.

Baban Khalifa: To ka ji. Injiniya ya faɗi abin da nake tsoro da bakin masana.

Anti Nas: Ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Nutsewa ita ake gani don tana zuwa da kuka, amma akwai tsargiya. Na yi shekaru a asibitin karkara, kuma a ƙauyukan da ke kusa da dam za ka ga yaro namiji yana fitsarin jini, iyayensa ba su damu ba, wasu ma suna ɗaukar abin alamar balaga. Ba balaga ba ce. Tsutsa ce da ke rayuwa a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ta shige jini, ta je ta yi ƙwai a jikin mafitsara. Akwai magani, ana rabawa a makarantu, amma yaro ya sha yau, jibi ya koma ruwan nan. Kwamin siminti mai kulorin ba katantanwa a cikinsa. Baban Khalifa, ka ce a cike kududdufai. To dam ɗin Zoɓe fa? Jibiya fa? Mairuwa? Su ma cike su za a yi? Yaro da zafin bazara ba mai raba shi da ruwa. Dorina ba ta raba mu ba, ba za ta raba su ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021 kaɗai, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa, daidai tsakiyar daminarmu.

Ɗan Kusugu: Gaisuwa daga Daura, iyayenmu da yayyenmu. Ni dai a dam ɗin Sabke na koyi iyo, kawuna ya ɗaura mini gora biyu a ƙirji ya riƙe ni ta ciki. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ce Bahaushe ba ɗan ruwa ba ne. Wa ya ba mu sarautar Sarkin Ruwa? Su wane ne Sarkawa? A je Argungu a ga abin da Kabawa ke yi a Matan Fada: ba kamun kifi kaɗai ba, akwai tseren iyo, da nutso, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwar ruwa da hannu. Tun 1934 ake wannan biki a tsarinsa na yanzu. Gasa ce sosai, agogo ne kawai ba a sa mata ba.

Mu Daurawa kuwa labarin kafuwarmu ma maganar ruwa ce. Ruwa na nan cikin rijiya, amma ba mai iya ɗiba sai ranar Juma'a, har aka samu wanda ya buɗe wa kowa. Yau ma haka nake ganin abin: ruwa mai tsabta na iyo akwai shi a bayan katangar otal da gidajen manya, ɗan talaka kuma an bar shi da kududdufi.

Abba Ɗan Ƙwallo: Baba Hedimasta, ina da tambaya, kada a ga rashin kunya. Ina kallon Olamfik, da wuya ka ga baƙar fata a wasan ƙarshe na ninƙaya. A majalisarmu ana cewa ƙashinmu ne ya fi nauyi. In haka ne, ko an gina, zancen gasa ai babu.

Tsohon Hedimasta: Abba, ba rashin kunya ba ne, tambaya ce da ta cancanci amsa mai tsawo, ka yi haƙuri da ni.

Turawan farko da suka zo gaɓar Afirka ta Yamma shekaru ɗari biyar da suka wuce, su da kansu suka rubuta mamakin yadda mutanen wurin, maza da mata, suka fi su iya ruwa. A lokacin yawancin ma'aikatan jirgin Turawa ba su iya iyo ba. Har bayi aka riƙa kwasa daga nan ana kai su gaɓar Benezuwela su yi nutso su ɗebo lu'ulu'u, don ba wanda ya kai su. Ina nauyin ƙashin yake a lokacin?

Kai, salon da ake tsere da shi yau ma, na wurga hannu ɗaya bayan ɗaya ana kaɗa ƙafa, ba na Bature ba ne. Shi iyon kwaɗo ya sani, kai a sama. A 1844 aka kai wasu 'yan asalin Amurka biyu, jajayen Indiyawa, suka yi tsere a wani kwami a Landan da wannan salo. Mutanen Ingila suka ga saurin, amma suka ce fantsama ruwa ne irin na marasa wayewa, suka ci gaba da kwaɗonsu shekaru da dama. Da iyon kwaɗo Matthew Webb ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1875, cikin awa 21 da minti 45. Sai a ƙarshen wancan ƙarnin 'yan Ostareliya suka ɗauki salon daga mutanen tsibiran tekun Fasifik suka shigar da shi gasa.

Abin da ya faru a Amurka kuwa shi ne amsar tambayarka kai tsaye. A shekarun 1920 da 1930 an gina kwamayen jama'a barkatai, birnin New York kaɗai ya buɗe manya 11 a 1936. Amma a garuruwa da yawa an hana baƙaƙe shiga, wani wuri da doka, wani wuri da duka. A 1964, a jihar Fulorida, matasa baƙaƙe da farare suka shiga kwamin wani otal tare don nuna ƙin wariya, manajan ya ɗauko ruwan asid ya riƙa tuttulawa a ciki, hoton na nan har yau. Da kotuna suka ce a haɗa kowa, birnin Jackson na jihar Misisifi ya gwammace ya daina gudanar da kwamayensa, kuma a 1971 kotun ƙoli ta ce bai karya doka ba. Uwar da aka hana ta koyo, ɗanta zai tashi da tsoron ruwa, jikanta ma haka. Gadon da aka bar musu ke nan, ba ƙashi ba.

Inda aka ba da dama kuma an gani. Anthony Nesty, baƙar fata daga ƙaramar ƙasar Suriname, ya ci zinare a 1988 a tseren mita 100 na salon malam-buɗe-littafi, ya riga zakaran Amurka taɓa bango da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Simone Manuel, baƙar fata 'yar Amurka, ta ci nata a 2016.

Abba Ɗan Ƙwallo: Wallahi ban san da wannan ba. Ni wanda na sani shi ne mutumin Ikwatoriyal Gini da ake ta yaɗa bidiyonsa ana dariya.

Ɗan Kusugu: Eric Moussambani, Sidni, 2000. Ni ba ya ba ni dariya. A kwamin otal ya koya cikin 'yan watanni, bai taɓa shiga mai mita 50 ba sai da ya je can. Ya yi mita 100 a minti ɗaya da daƙiƙa 52, ya kusa ƙarewa kafin ya kai bango, amma ya kai. Daga baya ya zama mai horar da 'yan wasan ƙasarsa. Ka haɗa shi da Ahmed Hafnaoui na Tunisiya, ɗan shekara 18, wanda ya shiga wasan ƙarshe na mita 400 a Tokyo a matsayin na takwas, daga layin gefe, ya ɗauke zinaren. Bambancinsu shi ne ɗaya ya tashi a ƙasar da ke da wuraren horo, ɗaya kuma bai samu ba.

Tsohon Hedimasta: Kuma kada Abba ya ɗauka su ma da kwami mai layi suka fara. Olamfik ta farko ta zamani, 1896 a Atina, a teku aka yi, jirgin ruwa ya kai su ya sauke cikin sanyi da igiyar ruwa. Alfréd Hajós na Hangari ya ci mita 100 a minti ɗaya da daƙiƙa 22. Shi kansa dalilin koyonsa shi ne mahaifinsa ya nutse a kogin Danub yana ɗan shekara 13. A 1900 a kogin birnin Faris aka yi, har da tseren hawa kan jirage da bi ta ƙarƙashinsu. Sai 1908 a Landan aka haƙa kwami a tsakiyar filin wasa, shekarar da aka kafa hukumar ninƙaya ta duniya. Mita 50 mai igiyoyin raba layi sai 1924. Yau masu sauri na yin mita 100 ɗin nan ƙasa da daƙiƙa 47.

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, duk maganar 'ya'ya maza ake yi. Ranar da jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya a Bagwai a 2021, ruwa bai tambayi wace ce mace ba. Ambaliyar Jibiya ta 2018 da dare ta zo, su wa ke cikin ɗakuna? Mu da goyonmu. Ni ko a ƙugu ruwa ya kai ni na gama rikicewa, kuma 'ya'yana mata uku haka za su tashi in ba a yi wani abu ba.

Amma in faɗa muku gaskiya, ba zan kai ɗiyata inda maza ke leƙe ba, maigidana ma ba zai sa hannu ba. In za a yi, a yi katanga mai tsawo, a ware ranakun mata, mai koyarwa mace, mai tsaron rai mace, waya kuma a bar ta a ƙofa. In ba haka ba, ku gina, mu ba za mu zo ba.

Ustazu: Hajiya ta yi magana mai kyau, kuma ba ta saɓa wa komai ba. Ana jingina wa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, umarnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mu nan mun riƙe dokin, duk sallah ana gani a Ƙofar Soro, iyon ne muka saki. Sharaɗin shi ne suturta al'aura da raba maza da mata, kuma duka biyun abu ne mai yiwuwa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kwaikwayo wurin holewa da kiɗa a kira shi makaranta.

Anti Nas: Yaya Maman Ilham, rabawar ma ba sabon abu ba ne. A Ingila ta wancan zamani ranakun mata daban ne, galibi ma 'yan awoyi kaɗan ake ba su, kuma sai 1912 aka yarda mace ta shiga gasar ninƙaya ta Olamfik. Shekara 14 bayan haka Gertrude Ederle ta ƙetare mashigin nan da Malam ya ambata, ta rage wa mafi saurin maza kusan awa biyu. Kayan iyo masu rufe jiki har kai kuwa akwai su, marasa shan ruwa. Abin da zan roƙa kawai, kada a ba mu ranar Talata da ƙarfe sha biyu, lokacin da kowa ke kan murhu, sannan a ce mata ba su zo ba.

Baban Khalifa: Na ji duka, kuma maganar Hajiya ta taɓa ni, don ni ma ina da mata biyu a cikin 'ya'yana. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya: kada a kai wa gwamnati wannan magana a yanzu. Ƙauyukanmu na fama da 'yan bindiga, asibitoci na neman magani. In an ce kwangila, za a zana mai mita 50 da wurin zaman 'yan kallo, a kashe abin da zai haƙa burtsatse ɗari, bayan shekara uku awaki na kiwo a ciki. Babban filin wasa na Surulere a Legas, wanda aka yi wasannin Afirka na 1973 a cikinsa, kwaminsa ya yi shekaru a bushe. Legas ke nan da ke kwance a bakin teku.

Injiniyan Ruwa: A nan mun haɗu. Akwai abin da aka yi a Bangaladash da ya fi kama da aljihunmu. Can ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, kuma ba su da kuɗin siminti. Sai suka riƙa kafa dandamalin gora a cikin tafkin ƙauye, mai shinge da daɓe, yadda zurfin ba zai wuce ƙirjin yaro ba. Matasan ƙauyen aka horar su koyar. Abin da ake so yaro ya iya kaɗan ne: ya yi iyon mita 25, ya tsaya a kan ruwa rabin minti bai nutse ba, ya san yadda zai miƙa wa wanda ke nutsewa sanda ko igiya daga tudu ba tare da ya faɗa ba.

Anti Nas: Injiniya, a tafkinmu dai a'a, saboda tsargiyar da na faɗa. Darasin na yarda da shi, ruwan ne ban yarda ba. Ƙaramin kwami na siminti, ko irin na tamfol mai ƙarfe da ake haɗawa a kwance.

Tsohon Hedimasta: Wannan na ƙarshe da Injiniya ya faɗa, na sanda da igiya, shi ya hana ni barci jiya. A bakin kududdufin nan akwai tarin karan dawa da azara, na gani da idona. Yara biyar suna tsaye, ba wanda aka taɓa gaya wa ya miƙa. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, na koyar da sunayen koguna da tsawonsu, ban taɓa tsayawa minti goma na koya wa aji wannan ba. Shi ba ya buƙatar kwami ko kulorin, a filin makaranta ma za a iya yi da igiyar guga.

Zan yi magana da shugabannin makarantu uku da nake da ido da su, da malamin allon unguwarmu, don almajirai sun fi kowa shiga kududdufi, nan suke wanka, nan suke wanki. Injiniya, ka fitar mana da kuɗin ƙaramin kwami mai mita 12 da 7, har da sola da albashin mutum biyu na shekara guda, kada ka ɓoye komai. Ɗan Kusugu, kawun nan naka yana da rai?

Ɗan Kusugu: Yana nan Baba, ya tsufa amma har yanzu yana jefa taru. Ranar Asabar zan je in same shi, in ji ko cikin 'ya'yansa akwai wanda zai iya koyarwa.

Maman Ilham: Ka tambaye shi har da 'ya'yansa mata.